Wa Ake Fara Kai Wa Magani? Shugabanci da Adalci a Kiwon Lafiyar Al'umma

A shekarar 1971 wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ke duba marasa lafiya a wani ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya, ya rubuta wata magana a mujallar Lancet wadda har yau ba ta tsufa ba. Ya ce inda aka fi buƙatar kulawar likita nan aka fi rashinta, inda kuma buƙatar ba ta kai ba nan take taruwa. Ba sai wani ya yi mugunta ba kafin haka ta faru. Likita yana son zama inda 'ya'yansa za su sami makaranta, motar magani tana juyawa inda kwalta ta ƙare, wanda ya iya rubuta takardar koke shi ake saurara. In aka bar tsarin lafiya ya bi son ransa, gangarawa zai yi kamar ruwa zuwa wajen masu hali. Aikin shugaba shi ne ya tare ruwan nan ya juya shi, ko shi minista ne, ko darakta, ko jami'in lafiya na gunduma, ko mai kula da ɗakin shan magani guda ɗaya. A ganina ba a jawabin taro ake gane ya yi ko bai yi ba. Ana ganewa ne a takardu marasa armashi: ta alƙaluma, ta rabon kuɗi, ta tura ma'aikata.

Sai a fara raba abu biyu da ake yawan cuɗawa. Raba daidai daban, adalci daban. In aka ba kowane ƙaramin asibiti kwali ɗaya na magani da lita hamsin ta mai, an raba daidai. Amma wanda jama'arsa ke zaune a ƙofarsa zai yi rara, wanda jama'arsa ke warwatse a tsawon kilomita talatin zai ƙarar da man cikin mako biyu ya zauna. Abin da ake nufi da adalci a nan shi ne kawar da bambancin lafiyar da ba ƙaddarar halitta ba ne, wanda ake iya kauce masa, wanda kuma kullum mutane iri ɗaya yake faɗa wa.

Matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane

A ɗauki misalin gunduma mai yankuna goma, kowane yanki da yara 1,000 da suka isa allurar ƙyanda. A yankuna takwas an yi wa kashi 90 cikin ɗari, a biyun da suka rage kashi 40. In aka haɗa, yara 8,000 cikin 10,000 ke nan, wato kashi 80, adadin da za a rubuta a rahoto a tafa. Amma cikin yara 2,000 da ba a yi wa ba, 1,200 suna yankuna biyun nan, a cunkushe wuri ɗaya. Ƙyanda kuwa sai rigakafi ya kai wajen kashi 95 take rasa hanyar yaɗuwa. Ranar da ta ɓulla, ba sai an yi duba ba a san inda za a kwashi gawa.

Saboda haka abu na farko da shugaba zai yi shi ne ya daina karɓar adadi ɗaya dunƙule. A fasa masa shi: yanki yanki, birni da karkara, mace da namiji, gwargwadon karatun uwa, gwargwadon ƙarfin gida. Manyan binciken gida-gida da ake yi a ƙasashe da dama suna kasa gidaje kashi biyar bisa abin da suka mallaka, kamar irin rufin ɗaki da tushen ruwan sha, daga mafi talauci zuwa mafi wadata. Wannan yana da amfani ga ƙasa ko jiha, amma bayan 'yan shekaru ake yin sa kuma ba ya sauka ƙasa sosai. Jami'in gunduma da rajistarsa zai yi aiki.

Ita ma rajistar tana da tarkonta. Duk kashi kaza cikin ɗari da aka gani, an raba wani adadi ne da yawan mutanen da ake tsammani, shi kuwa yawan mutanen galibi daga tsohuwar ƙidaya aka ƙiyasta shi. In ka ga wani asibiti ya kawo kashi 130, ba bajinta ya yi ba: ko dai jama'ar yankin sun ƙaru ba a sani ba, ko mutanen maƙwabta ke zuwa wurinsa. Mafi muni shi ne waɗanda ba sa cikin lissafin kwata-kwata, irin su makiyaya, 'yan gudun hijira, masu zama a unguwannin da ba sa kan taswirar hukuma, da 'yan ci-rani. Wanda ba a ƙirga ba ba zai taɓa fitowa a jerin waɗanda aka rasa ba. Maganin wannan ƙafa ce: a zaga gida gida a ƙirga, a zana taswira da hannu tare da mutanen wurin, a rubuta sunan kowane ƙauye da nisansa da wanda ke da alhakin kai masa ziyara.

Akwai wani ɗan lissafi da ke nuna inda ciwon yake. Allurar nan mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar sau uku ake yin ta. A duba yawan waɗanda suka karɓi ta farko. In bai kai kashi 80 ba, matsalar isa ce, mutane ba sa iya zuwa ko ba a je musu ba. In ta farko ta yi yawa amma waɗanda suka dawo ta uku sun ragu da fiye da kashi 10, to sun zo sun ga abin da ya hana su komowa: an yi musu tsawa, ko sun wuni a layi, ko an ce allura ta ƙare, ko yaro ya yi zazzaɓi ba wanda ya faɗa wa uwar cewa haka takan faru. Ciwo biyu ne, magani biyu. Shugaban da ya ga adadi ya faɗi ya ce a ƙara sanarwa a rediyo, alhali matsalar tana bakin tebur ɗin ma'aikaci, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga wani abu ƙarami da ba ya shiga manyan takardu. Kwalbar allurar ƙyanda yawanci ta mutum goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a yi amfani da ita cikin awa shida ko a zubar. Uwa ta taka kilomita takwas da yaro a baya, ta iso ta tarar ita kaɗai ce ko su biyu. Ma'aikaciya ta dubi kwalba, ta tuna faɗan da aka yi mata a watan jiya kan ɓarnar allura, ta ce a dawo ranar da mutane suka taru. Matar da ke zaune kusa za ta dawo. Ta nesa ba za ta dawo ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne, amma ƙa'ida ba ta aiki sai shugaba ya rubuta ta ya sa hannu, ya daina tuhumar ƙananan asibitoci kan ragowar da suka zubar, ya kuma ƙara musu yawan abin da ake aika musu don cike gurbin. Takarda ce shafi ɗaya, amma ta fi taron bita uku amfani.

Tsarin da aka saba bi wajen isa ga jama'a ya danganta da nisa: waɗanda ke cikin kilomita 5 su zo asibiti, daga 5 zuwa 15 ma'aikata su fita su same su, abin da ya wuce haka sai tawagar tafi-da-gidanka, aƙalla sau huɗu a shekara don yaro ya samu ya kammala alluransa. Abin lura shi ne duk ranar da kuɗi ya yi ƙaranci, kuɗin man babur da na ƙanƙarar akwatin sanyi ake fara yankewa, domin waɗanda abin zai shafa ba su da bakin da zai kai ofis.

Ko auna giɓin ma yana da wayo a ciki. A ce haihuwa a hannun ƙwararru ta tashi daga kashi 20 zuwa 40 a gidaje mafi talauci, daga 60 zuwa 90 a mafi wadata. Wanda ke son yabo zai ce da ninki uku ne, yanzu bai kai biyu da rabi ba, giɓi ya ragu. Wanda ke son suka zai ce da tazarar 40 ce, yanzu 50, giɓi ya ƙaru. Duka biyun gaskiya suka faɗa, shi ya sa ake bayar da su tare. Masanin lafiyar al'umma Cesar Victora na Burazil da abokan aikinsa sun nuna a 2000 cewa sabon abu in ya shigo, masu hali ke fara cin moriyarsa, giɓi ya buɗe, sai sun ƙoshi sannan ya gangaro. Wanda ya san haka, in zai ƙaddamar da sabuwar allura ko sabon gwaji, daga yankin da ya fi wuya zai fara, ba daga babban asibitin da 'yan jarida za su iya zuwa ba.

Samun alƙaluma wani abu ne, yarda a fito da su wani abu ne. A 1980 kwamitin da Douglas Black ya jagoranta ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto mai nuna cewa bayan shekara talatin da asibiti kyauta, talaka yana nan yana riga mai kuɗi mutuwa. Kwafi 260 kawai aka buga, aka sake shi a ƙarshen makon hutu na watan Agusta, ministan ya ce shawarwarin sun yi tsada. A gefe guda kuma akwai Mona Hanna-Attisha, likitar yara a garin Flint na Amurka, wadda ba ta riƙe da wani muƙamin gwamnati. Bayan an sauya wa garin tushen ruwan sha a 2014, ta tattara sakamakon gwajin jinin yara ta duba shi unguwa unguwa, ta ga yaran da gubar dalma ta yi yawa a jininsu sun tashi daga kashi 2.4 zuwa 4.9, a wasu unguwannin ma sun haura kashi 10. Ta fito ta faɗa a Satumban 2015, jami'ai suka fara ƙaryata ta, ba a jima ba suka dawo suka amsa.

Inda kuɗi ke bi

Yawancin kasafin lafiya gado ne. Abin da aka ba ka bara a ƙara maka kashi kaza, shi ke nan. Wurin da aka gina wa babban asibiti shekara hamsin da suka wuce yana ta karɓa, wurin da ba a gina wa komai ba ba shi da layi a kasafin balle a ƙara masa. Ingila ta fuskanci wannan a 1976, lokacin da aka fito da ma'aunin rabo da ke bin yawan jama'a, da shekarunsu, da yawan mace-mace a yankin, maimakon yawan gadajen da ke akwai. Ya bayyana cewa Landan da kewayenta suna karɓar fiye da haƙƙinsu. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce ba a ƙwace wa kowa a dare ɗaya ba. Ƙarin da ake samu kowace shekara aka riƙa karkatarwa ga yankunan da ke baya, a hankali har tazarar ta ragu. Wanda ya ce zai zaftare kasafin babban asibitin birni a shekara ɗaya, kafin ya gama magana an sauya masa wurin aiki.

Ma'aunin rabo mai kyau yana farawa da kawunan mutane, a ƙara nauyi ga ƙananan yara da tsofaffi da mata masu haihuwa, a ƙara ga talauci ko yawan mace-mace, a ƙara ga nisa domin kai magani ƙauye mai nisa ya fi tsada. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar yawan waɗanda suka zo asibiti a matsayin ma'aunin buƙata. Wanda bai zo ba, ba lafiya ce ta hana shi ba. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer da abokansa kan wata manhajar kwamfuta da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓar marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman. Manhajar tana auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum. Da yake baƙaƙen fata ba a kashe musu kamar farare ko da ciwonsu ɗaya, sai ta ɗauke su a matsayin masu sauƙi. Da aka gyara lissafin, rabonsu cikin waɗanda suka cancanta ya tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Babu wanda ya rubuta launin fata a cikin manhajar, tsohon rashin adalci ne ya shigo ta taga.

Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Ana yawan maganar wannan, ya kuma dace a yi. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka saki, da kuma lokacin da aka sake shi. Kuɗin da ya iso a watan ƙarshe na shekara ba zai mayar da fitar da aka fasa wata tara a baya ba. Shi ya sa wasu ƙasashe, irin su Kenya da Tanzaniya, suka koma tura wani kaso kai tsaye cikin asusun ƙananan asibitoci, da sa hannun shugaban asibitin da na wakilin jama'a, don kada kuɗin gyaran firji ya kwana a ofisoshi uku kafin ya iso.

Sai batun kuɗin da majinyaci ke biya daga aljihunsa, wanda shi ne katanga mafi tsawo. Cire shi abu ne mai kyau, amma yadda aka cire shi ne ke raba gardama. Yuganda ta soke kuɗin asibitin gwamnati a 2001, talakawa suka yi tururuwa, sai dai magani ya riƙa yankewa, mutane suka koma saye a waje. Burundi ta sanar da kyautar haihuwa da jinyar yara ƙanana a 2006 kusan ba shiri, asibitoci suka cika ba kayan aiki. Saliyo kuwa, kafin ta ƙaddamar da nata a ranar 27 ga Afrilun 2010 ga masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, sai da ta tantance takardar albashi ta fitar da ma'aikatan bogi, ta ƙara albashi sosai, ta tanadi magani. Dalili a fili yake: ɗan kuɗin da ake karɓa a bakin ƙofa da shi ake sayen sabulu da safar hannu, da shi ake biyan mai shara. In ka soke shi ba ka maye gurbinsa ba, zai dawo ta ƙarƙashin tebur, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Haka nan tsarin nan na cewa a yafe wa wanda ba shi da hali. Da wuya ya yi aiki in asibitin ne zai ɗauki asarar, domin ka sa mai karɓar kuɗi ya zama alƙalin wanda zai hana shi samu. Shi ma talakan ba ya son tsayawa gaban layi ya bayyana talaucinsa. Kambodiya ta kauce wa wannan da wani asusu na daban da ke biyan asibiti kuɗin jinyar talaka, har da na motarsa, sai talaka ya zama majinyacin da ake maraba da shi. Michael Marmot, masanin lafiyar al'umma a Birtaniya, ya kawo wata hanya a rahotonsa na 2010: a yi wa kowa, amma a ƙara hannu gwargwadon buƙata. Ina ganin hikimarta, domin shirin da aka keɓe wa talakawa zalla yakan zama shirin da ba mai kare shi ranar da aka zo yanke kasafi.

Ma'aikata

Ƙasar Tailan ce misalin da ake yawan kawowa, kuma galibi daga ƙarshe ake fara labarin, wato shirin da aka fara a 2001 na duba majinyaci a kan baht 30 kacal na kuɗin ƙasar. Abin da ya sa shirin ya sami ƙasar dasawa ya girme shi da shekaru ashirin zuwa talatin. An wajabta wa sababbin likitoci aikin shekara uku a inda gwamnati ta tura su. A farkon shekarun 1980 aka dakatar da sababbin gine-gine a manyan asibitocin birane na wasu shekaru, aka juya kuɗin ga asibitocin gunduma da ɗakunan shan magani na karkara. Likitocin da suka yi zaman karkarar nan, irin su Sanguan Nitayarumphong, su ne daga baya suka hau manyan kujeru suka tsara shirin. Bincike ya nuna bayan fara shi, bambancin mutuwar jarirai tsakanin larduna masu arziki da matalauta ya kusan gushewa.

Tilas kaɗai ba ta riƙe ma'aikaci. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 sun nuna abin da ya fi tasiri shi ne ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara da horar da su kusa da gida, sannan gidan kwana, da tsaro, da tabbacin cewa zaman ƙauye ba zai jinkirta ƙarin girma ba. Shugaban da ke tura ma'aikaci ƙauye don horo kan laifi ya riga ya sanar da kowa matsayin mutanen ƙauyen a wurinsa. Wanda kuma ya bari takardar wani babba ta dawo da ungozoma birni wata biyu bayan an tura ta, ya rushe jadawalin gaba ɗaya, don sauran suna kallo.

Habasha ta bi wata hanya daga 2003: mata biyu a kowane ɗakin lafiya mai kula da mutum wajen 5,000, waɗanda suka gama aji goma, aka horar da su shekara ɗaya, aka sa su a albashin gwamnati, har yawansu ya haura 30,000. A Burazil tawagar lafiyar iyali ta ƙunshi likita da nas da mataimaki da wakilan unguwa, kowane wakili da gidajen da ya san su da suna yake zagayawa duk wata. Abin da ya haɗa su shi ne albashi. Ɗora lafiyar matalauta a kan matan sa-kai da ba a biya, su ma matalauta, rashin adalci ne sabo a cikin rigar gyara.

Bitar mutuwar mata wajen haihuwa tana nuna halin shugaba fiye da komai. Ana bin kowace mutuwa a tambayi jinkiri uku: na yanke shawarar fita daga gida, na hanya, da na samun kulawa bayan an iso. Sau da yawa na ukun ne ke fitowa da abin kunya. Allurar tsayar da zubar jini tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ta yi watanni a kan kanta cikin zafi har ƙarfinta ya ragu. Maganin jijjiga yana kulle a sito, mai makulli ya tashi. Babu jini, babu mai a motar asibiti. Sharaɗin bitar shi ne ba suna, ba zargi. Ranar da shugaba ya dakatar da wata nas saboda abin da ta faɗa a zaman bita, daga ranar mace-macen za su daina bayyana a takarda, masu naƙuda da suka galabaita kuma za a riƙa tura su gaba don kada su mutu a hannun kowa. Birtaniya tana irin wannan bita a asirce tun 1952, kuma ita ce ta fito da cewa, a rahoton 2018, haɗarin mutuwar baƙar mace wajen haihuwa ya ninka na farar mace sau biyar.

Yarda kuwa ba a sayen ta da fosta. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bi wasu baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee tana kallon yadda cutar ke cin su, ba ta ba su magani ba ko bayan da fenisilin ya samu. Jikokinsu ba su manta ba. A lokacin Ebola a Afirka ta Yamma, wadda ta kashe mutum sama da 11,000 daga 2014 zuwa 2016, iyalai sun riƙa ɓoye gawa saboda yadda ake ɗauke ta ba sallah ba bankwana, sai da aka zauna da malaman addini aka tsara jana'izar da ta kare lafiya ta kuma kiyaye mutunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kwamitin jama'a da aka cika da masu faɗa a ji na gari, ba mace, ba baƙo, ba mai naƙasa, zai maimaita wa shugaba abin da ya riga ya sani ne kawai.

Akwai kuma iyakar abin da asibiti zai iya. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a Landan ya gano cewa na ƙasan tsani suna mutuwa ninki uku na na sama, alhali duk asibiti ɗaya suke zuwa kyauta, kuma kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya. Shan taba da hawan jini wani ɓangare kawai suka bayyana. Rahoton kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya kawo unguwanni biyu a yankin birnin Gilasgo na Birtaniya, tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba, a ɗaya ana sa ran namiji ya yi shekara 54, a ɗayar 82. Ruwa, gida, aiki, karatun 'ya mace, babu ko ɗaya a hannun ministan lafiya. Abin da ke hannunsa shi ne taswira. In ya je wa hukumar ruwa da jawabi kan muhimmancin tsabta, za a ba shi shayi a sallame shi. In ya ajiye mata taswirar unguwanni shida da kwalara ke dawowa duk shekara, ya nemi su zama na farko a jerin bututun bana, ya ba ta abin da za ta iya sa hannu a kai.

Matsalar da ta rage ita ce shugaba ba ya daɗewa a kujera, masu cin moriyar tsohon rabo kuwa suna nan daram. Waɗanda gyaransu ya rayu bayansu sun ɗaure shi ne a inda magaji zai sha wuyar kwancewa. Burazil ta sa haƙƙin lafiya a tsarin mulkinta na 1988. Tailan ta yi doka a 2002 ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke riƙe kuɗin shirin, ana ware shi bisa kan kowane mutum da ya yi rajista, da kujerun ƙungiyoyin jama'a a majalisar gudanarwarta, kuma shirin ya tsallake juyin mulki biyu, na 2006 da na 2014. A matakin gunduma abin bai kai haka girma ba: ma'aunin rabo a rubuce da kowa ya gani, ranar da aka tsayar don liƙa alƙaluman kowane yanki a bangon ofis duk wata uku, da sharaɗin cewa ana auna mai duba aiki da ci gaban yankunansa biyu mafi rauni. A takardar miƙa aiki kuma a rubuta sunayen ƙauyukan da ba a kai gare su ba a zangon da ya wuce, da dalili, da ranar da aka sa za a koma.